Yadda Ake Gyaran Manyan Injunan Dizal Ba Tare da An Bar Hannu ko Rai a Ciki Ba

Injin da aka kashe bai mutu ba. Wannan ce maganar farko da ya kamata duk mai shiga ƙarƙashin katafila, ko tifa, ko eskabeta, ko gireda ya riƙe. An murɗa makulli, ƙara ta ɗauke, wuri ya yi tsit, amma har yanzu akwai ƙarfi a ɗaure cikin ƙarfen nan. Man haidirolik na matse a tiyo, bokiti na rataye da nauyinsa, ruwan lagireto ya wuce zafin tafasa a rufe, batir cike yake da wuta, iska na cikin taya da tankin birki, sifirin kuma na danne yana jiran abin da zai sake shi. Da yawa daga cikin munanan raunukan da ake kira tsautsayi, daga ɗaya cikin waɗannan suke fitowa, kuma kowanne yana da sananniyar hanyar da ake sauke shi kafin a kai hannu.

Ajiye inji da kulle shi

Ka nemi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. Ka sauke duk abin da ke sama zuwa ƙasa: bokiti, faranti na gaba, haƙoran baya, cokula. Ka sa giya a firi, ka ja hambirki, sannan ka sa waigi gaba da bayan taya, domin birki ma yana cikin abubuwan da kan lalace. In injin ya fito daga aiki mai nauyi, ka bar shi a silo na minti 3 zuwa 5 kafin ka kashe. Tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska, na juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, in aka yanke masa mai yana cikin zafi sai man ya ƙone a kan shaf ɗinsa.

Cire makulli ka sa a aljihu abu ne mai kyau, amma bai isa ba. Manyan injuna na kamfani ɗaya sau da yawa makullinsu iri ɗaya ne, wato direban da ke can gefe yana iya tayar da naka da makullinsa. Saboda haka ka kashe babban makunnin batir, ka ɗaura masa kwaɗo, ka rataya kati mai sunanka da ke cewa ana aiki, kada a tayar. In mutum uku ne ke aikin, kwaɗo uku za a sa, kowa da nasa, kuma ba mai cire na wani. Sababbin injuna masu amfani da AdBlue, wato ruwan rage gubar hayaƙi, suna da wata fitila kusa da makunnin. Sai ta mutu ake yanke wuta, domin na'urar tana janye ruwan daga bututu bayan an kashe inji.

Daga nan ka hau ka gwada tayarwa. In inji ya yi ko da motsi, kullin bai kama ba. Wannan gwajin na daƙiƙa biyar shi ne aka fi tsallakewa, alhali shi ne kaɗai shaidar cewa abin da ka kulle shi ne abin da ya kamata ka kulle.

Haidirolik, inda ya fi kamata a daɗe

Tayar ƙaramar mota na ɗauke da iska bar 2 da ɗan ɗoriya. Haidirolik na eskabeta na aiki a kan bar 300 zuwa 350. Fatar ɗan Adam kuwa matsin bar 7 kacal na iya huda ta. Wanda ya riƙe lissafin nan a kansa ba zai taɓa shafa tiyo da hannu don neman inda yake yoyo ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Tiyo ya yi huda kamar bakin allura, man na fita siriri har ido ba ya ganinsa, sai dai a ga wuri ya jiƙe. Bakanike ya bi tiyon da tafin hannu, ya ji kamar ƙudan zuma ya harbe shi a yatsa. Ya duba, ɗan ɗigo ne ja da bai kai ƙwayar gero ba, ba jini, ba wani zafi na a zo a gani. Ya goge a jikin riga ya ci gaba da aiki. A daidai lokacin man ya riga ya bi hanyar jijiyoyi daga yatsa zuwa tafin hannu, wani lokaci har gaɓar hannu. Bayan 'yan sa'o'i yatsan ya kumbura, ya yi fari ko shuɗi, ya yi tauri, azaba ta taso. Man yana toshe hanyar jini yana kuma cin nama, kuma in aka kwana a haka sau da yawa sai an yanke yatsa ko hannu. Safar hannu, ko ta fata ce, ba ta tare wannan harbin.

In ya faru, a tafi babban asibitin da ake tiyata nan take, cikin sa'o'i 6 na farko in da hali. Kada a matsa wurin, kada a ɗaure hannun, kada a sa ƙanƙara. A cire zobe tun kafin kumburi. Mai raunin ya daina ci da sha saboda mai yiwuwa a yi masa allurar barci. A faɗa wa likita ƙarara cewa mai ne ya shiga da matsi, a faɗi irin man da lokacin da abin ya faru, domin wanda bai saba ganin irin raunin ba yana iya wanke shi ya manna filasta ya sallami mutum. Man dizal da tina, wato ruwan sirka fenti, sun fi giris saurin ɓarna.

Neman yoyo da kwali ake yi ko guntun katako, a riƙe shi da nisa, fuska da tabarau, a ga inda mai ya zana a jikinsa.

Kafin kwance kowace mahaɗa sai an sauke matsin. A yawancin eskabeta, tun kafin a kulle makunnin batir, tsarin shi ne: bokiti a ƙasa, a kashe inji, nan da nan a mayar da makulli kan wuta ba tare da tayarwa ba, a buɗe libar kariya, a kaɗa libobin aiki gaba da baya, hagu da dama, har ƙarshensu, sau da yawa. Sannan a sassauta murfin tankin haidirolik a hankali iskar ciki ta fita. Ko bayan haka kada a sakankance. Akwai bawul masu riƙe kaya da ke kulle mai a cikin silinda, kuma man da aka kulle in rana ta buge shi matsinsa na ƙaruwa. Don haka ka rufe mahaɗar da tsumma mai kauri, ka sassauta noti kaɗan, ka tsaya ka saurara, jikinka a gefe. In notin ya ci gaba da tauri bayan ya juya, alama ce akwai matsi a bayansa. Ka mayar ka nemi dalili.

Akwai kuma tukunyar ajiyar matsi, wadda ake cikawa da iskar naitirojin. Ita aikinta ke nan, ta riƙe ƙarfi bayan inji ya mutu. Ba a yi mata walda, ba a huda ta, ba a kai ta kusa da wuta, kuma ba a taɓa cika ta da iskar oksijin ko iskar kwamfireso, domin oksijin da mai in suka haɗu cikin matsi fashewa suke yi.

Abin da ke sama zai sauko

Silindar haidirolik da jak duk na ɗagawa ne, ba a ba su amanar rai. Roba guda ce a ciki ke riƙe da tan-tan na ƙarfe. In dole aiki ya sa a bar hannun loda ko bodin tifa a sama, a sa madogarar ƙarfe da kamfani ya yi don haka, a zura fil ɗinta, kuma bodin ya kasance ba kaya a ciki. Mutane da dama sun rasu tsakanin bodi da shasi suna sa giris, gwiwar hannunsu ta taɓa waya ko libar saukewa.

In an ɗaga inji da jak, a ɗora shi a kan madogarai masu rubutaccen nauyin da suke ɗauka, ko a jera katako mai tauri a gicciye, biyu-biyu, hawa-hawa, a kan ƙasa mai ƙarfi. Bulon siminti da jan bulo da dutse ba sa lanƙwasa su yi gargaɗi, tarwatsewa suke yi gaba ɗaya. Bayan an ɗora, a girgiza injin da ƙarfi tun ba kowa a ƙasa.

Loda da gireda da manyan tifofi masu karyewa a tsakiya suna da sandar kulle ƙugu. A sa ta kafin kowa ya shiga tsakanin gaba da baya. Taɓa sitiyari kaɗan, ko da inji a kashe, na iya rufe wannan sararin.

Wajen fitar da fil na bokiti, a sa sandar tagulla tsakanin guduma da fil, a sa tabarau. Ƙarfe mai tauri in ya bugi ɗan'uwansa yana fitar da ɓarɓashi da gudun da ke shiga ido ko cinya. Kuma ba a zura yatsa a rami don a ji ko ramukan sun daidaita, da sandar ƙarfe ake gwadawa. In ana ɗaga inji ko giyabos da sarƙa mai ƙafa biyu, a lura da buɗewar ƙafafun: in kusurwar da ke tsakaninsu ta kai digiri 120, kowace ƙafa tana ɗauke da nauyin kayan gaba ɗaya.

Layin mai

Tsofaffin kanikawa sun saba sassauta notin bututun nozul suna buga kik don fitar da iska ko gano silindar da ba ta ci. A tsohon inji mai famfo na gargajiya an daɗe ana haka. A sabon inji mai bututun tara mai guda ɗaya, wanda kwamfuta ke sarrafawa, matsin yakan kai bar 1,800 zuwa 2,500, kuma wannan dabarar na iya raba mutum da hannunsa. A nan ne sabo da kaza ba ya hana yanka. Irin wannan injin da kwamfutar gwaji ake kashe silinda ɗaya-ɗaya, iska kuma ta ɓangaren ƙaramin matsi ake fitar da ita, da famfon hannu na kan filta ko na lantarki. Bayan kashe inji a jira kafin a taɓa bututu. Littattafan wasu injuna minti 10 suka ce. Kamfanoni da yawa kuma sun hana mayar da bututun babban matsi da aka kwance, saboda bakinsa sau ɗaya yake zama daidai.

Zafi

Inji na aiki da ruwa mai zafin digiri 80 zuwa 95. Murfin lagireto na riƙe matsin kusan bar 1, wanda ke sa ruwan ya iya kaiwa wajen digiri 120 bai tafasa ba. Da an buɗe murfin matsin ya tafi, sai ruwan ya zama tururi lokaci guda ya yi tsartuwa zuwa fuska da ƙirji. Ka jira har ka iya riƙe babban tiyon sama da hannu kuma ka ji ya yi laushi. Ka ɗora tsumma mai kauri, ka juya murfin zuwa tsayawar farko, ka kau da fuska, ka bari hucin ya ƙare, sannan ka cire.

Wanda ya ƙone, a sa wurin ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudu na minti 20. Ba bakin mai, ba giris, ba man goge baki, ba ƙanƙara. Rigar da ta manne a fata a bar wa ma'aikatan asibiti.

Tabo da bakin salansa sukan haura digiri 500, matatar hayaƙi ta sababbin injuna kuma takan kai wajen 600 lokacin da take ƙone toka. Dizal da man haidirolik na kamawa da kansu a zafin da bai kai haka ba, shi ya sa feshin tiyo ɗaya a kan tabo ya isa ya cinye inji. A riƙa wanke tarin mai da ciyawa da ƙura daga cikin ɗakin inji, a mayar da kowane maɗaurin tiyo inda yake don kada ya riƙa gogar ƙarfe. Tukunyar kashe gobara ta hoda, mai kilo 6 ko 9, ta kasance inda hannu zai kai, allurarta a kan kore.

Batir

Manyan injuna galibi bolt 24 ne, batir biyu masu 12 a jere. Wannan ba ya jan mutum, amma sifana in ta haɗa kan batir da jikin inji, ɗaruruwan amfiya ke bi ta cikinta, ta yi ja, zobe ko agogon ƙarfe ya narke a fata. Shi ya sa ake fara cire wayar nagatib, a kuma mayar da ita a ƙarshe. Batir mai caji na fitar da iskar haidirojin, wadda ke fashewa in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, don haka ba sigari, ba gwada wuta da ƙyasta waya. In za a tayar da wani batir, mahaɗa ta ƙarshe a jikin inji ake maƙala ta, nesa da batir, kuma a tabbata bolt ɗin ya zo ɗaya. Ruwan batir in ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15 sannan a tafi asibiti.

Haɗa kan kik da sukudireba don tayar da inji daga ƙasa yana tsallake makunnin da ke hana tashi cikin giya. Mai yin haka a gaban taya yake tsaye.

Taya, sarƙa da sifirin

Kafin kwance notin babbar taya mai rim gunduwa-gunduwa, a cire ƙwayar bawul iska ta fita duka, a zura waya a tabbata datti bai toshe ba. In tayoyi biyu ne a haɗe, duka biyun ake sacewa, domin tsagaggen rim na ciki wani lokaci ta waje ce kaɗai ke riƙe da shi. Wajen bugun iska a sa tayar cikin keji, a yi amfani da bakin tiyo mai kama kansa da tiyo mai tsawon aƙalla mita 3, mutum ya tsaya ta ɓangaren da taya ke taka ƙasa, kada ya fuskanci gefenta. In bakin taya bai zauna ba har iska ta kai bar 2.8, a sace a sake gyarawa. Ba a bugun zoben rim da guduma da iska a ciki, ba a kuma zaunar da taya da fetur da ashana.

Walda ko dumama rim da taya a jikinsa haramun ne a wannan sana'a, ko da an sace iskar. Zafi na sa robar ciki ta fara ruɓewa tana fitar da iskar da ke kamawa, kuma fashewar na iya zuwa bayan an gama aiki an tafi. Haka nan injin da ya taɓa wayar lantarki ko tsawa ta faɗa masa, a ajiye shi nesa da mutane, ɗaruruwan mitoci, na sa'o'i 24.

Sarƙar katafila giris ne ke ɗame ta cikin matsi mai yawa. In za a sassauta, bawul ɗin giris juyi ɗaya kawai ake yi masa, fuska a gefe. In giris bai fito ba a motsa injin gaba da baya, kada a ƙara kwancewa, don bawul ɗin na iya fita kamar harsashi. Babban sifirin da ke bayan silindar da giris ɗin ke ciki, da wanda ke cikin tukunyar birkin iska ta baya, ba a buɗe su. Na birki da kusarsa ta musamman ake ɗaure shi, in ya lalace a canza tukunyar sukutum.

In dole sai inji na aiki

Wasu gwaje-gwajen ba sa yiwuwa sai inji a kunne. A nan mutum biyu ake so: ɗaya a kujera, hannunsa kusa da makulli, idonsa a kan mai gyara, ba ya taɓa komai sai an yi masa alamar da aka yi yarjejeniya a kanta tun farko. Riga ta zama mai kama jiki, hannunta a ɗaure, ba tsumma a rataye a aljihu. Fankar da ke juyawa da sauri ba a ganin fukafukanta, wasu fankokin kuma da kansu suke tashi ko su juya baya.

A san da wata matsala tun kafin ta zo. In robar tabo ta mutu, ko aka cika bakin mai fiye da kima, inji na iya fara shan man jikinsa ta hanyar iska. Sai gudunsa ya yi ta hawa, hayaƙi ya turnuƙe, a kashe makulli ya ƙi mutuwa, domin dizal ba ya buƙatar tartsatsi. Abin da ke tsayar da shi toshe iska ne: faffaɗan katako mai kauri a bakin bututun shan iska, ko a fesa tukunyar kashe gobara mai iskar kabon dayokzaid a ciki. Tafin hannu ko tsumma injin zai zuƙe su, ruwa kuma zai karya shi. In ba a tanadi katakon a kusa ba, kowa ya yi nesa. Duk lokacin da aka canza tabo ko aka taɓa famfon mai, a wanke man da ya taru a bututun iska, a kuma riƙe katakon a hannu a tashin farko.

Ba a barin inji na aiki a rufaffen wuri sai an ja hayaƙin waje da bututu. Ban da iskar da ke sumar da mutum ba wari ba launi, a shekarar 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar dajin huhu. Ƙara kuma in ta kai sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji, ta kai wajen desibel 85, a toshe kunne. Jin da ya tafi ba ya dawowa. Wanke hannu da dizal na busar da fata ya tsattsaga ta, tsohon bakin mai kuma in ya daɗe yana zama a fata yana da alaƙa da cutar dajin fata. Sabulu da safar roba sun wadatar.

Walda a jikin inji na buƙatar a cire batir da wayoyin kwamfuta, a maƙala wayar ƙasa kusa da inda ake aiki don kada wuta ta bi ta cikin boris. Tankin mai da aka juye ya fi cikakke haɗari, saboda tururi ne a ciki. Sai an wanke shi an cika da ruwa ko iskar da ba ta kamawa. Bayan an gama, wani ya tsaya yana lura aƙalla minti 30.

Mayar da inji bakin aiki

Sauri ya haifi nawa, kuma a ƙarshen aiki ne aka fi sauri. Ka ƙirga sifanu da tsummoki, abin da ya shiga ya fito. Ka mayar da murafan fanka da na fanbel. Ka duba mai da ruwa. Ka cire madogarai da sandar ƙugu. Ka zagaya injin da ƙafarka, ka leƙa ƙarƙashinsa, ka ga kowa da idonka, sannan kowa ya cire kwaɗonsa da hannunsa. Wajen hawa ka fuskanci injin, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya a riƙe kullum, bayan ka goge giris daga matakala da tafin takalmi. Ka yi oda, ka ɗan jira, ka tayar a silo. Tiyon da aka canza akwai iska a cikinsa, silinda na iya zabura, saboda haka ka motsa kowace liba a hankali sau huɗu ko biyar ba tare da kai ta ƙarshe ba, mutane na nesa, kafin ka ɗora wa injin kaya. Daga nan ka sauke bokiti, ka kashe, ka sake duba yawan man tanki, ka bi sababbin mahaɗai da kwali.